Sif cike da kaya, amma babu na sawa: tambayoyinku kan lissafin sutura a waya

Saƙonnin wannan makon sun karkata ne ga sutura, sai na tattaro waɗanda suka yi kama da juna na amsa su wuri ɗaya.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Watan jiya na shiga Kantin Kwari na sayo atamfa, da na dawo gida na buɗe akwati sai ga irinta sak, ko ɗinka ta ban yi ba. Karo na biyu ke nan. Ƙanwata ta ce in rubuta kayana a Excel, amma ni ba ni da kwamfuta, waya ce kawai. Zai yiwu? (Wata mai karatu daga Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Zai yiwu sarai, kuma ƙanwarki ta ba ki shawara mai kyau. Excel da ire-irensa jadawali ne kawai, layuka a tsaye da layuka a kwance, kamar littafin da mai kanti yake rubuta bashi. Bambancin shi ne wannan littafin yana yin lissafi da kansa, kuma yana tsamo miki abin da kike nema ba tare da kin bi shafi-shafi ba. Asali don masu lissafin kuɗin kamfanoni aka ƙirƙire shi. Na farko da ya yi suna, VisiCalc, ya fito a 1979, Excel ya biyo baya a 1985, Google Sheets kuma a 2006. Ba na jin waɗanda suka ƙera su sun taɓa kawo turmin atamfa a ransu, amma jadawali ba ruwansa da abin da aka zuba masa.

Tunda waya ce a hannunki, ni Google Sheets zan ce ki sauke. Kyauta ne, adireshin Gmail kawai yake buƙata, kuma abin da kika rubuta yana zaune a asusunki na Google, ko wayar ta faɗa ruwa ko an yi awon gaba da ita, lissafinki yana nan. Excel ma yana da manhajar waya, haka WPS Office da wasu wayoyi suke zuwa da ita. Duk za su yi. Idan Sheets kika ɗauka, taɓa ɗigo uku da ke sama ta dama ki kunna Available offline, don jadawalin ya buɗe ko babu data. A tsakiyar kasuwa, inda sabis yake ɗaukewa, nan ne za ki fi buƙatarsa.

A layin farko na kwance ki rubuta kanun nan, kowanne a gurbinsa: Iri, Launi, Hali, Inda yake, Kuɗi, Sau nawa na sa. Shida ke nan, kada ki ƙara. Na sha ganin mutum ya zauna da zumuɗi ya buɗe kanu goma sha biyar, har da sunan kanti da ranar wanki, ya shigar da kaya takwas ya gaji, daga ranar bai sake buɗewa ba. A ƙarƙashin Iri za ki sa atamfa, leshi, shadda, abaya, mayafi, hijabi, takalmi, jaka. Hali yana nufin an ɗinka, ba a ɗinka ba, ko yana wurin tela. Inda yake kuwa shi ne sif, akwatin sama, jakar ƙarƙashin gado, gidan Mama, ko wurin ƙawar da ta ara tun bikin bara. Doka ɗaya ce: kowane kaya layinsa daban. Kada ki rubuta "atamfa uku" a layi ɗaya, ki ba kowace nata.

Kuma kada ki ce sai kin zazzage ɗakin gaba ɗaya a yini guda. Fara da waɗanda ba a ɗinka ba, domin a nan asararki take. Wanda ke rataye a sif idonki yana ganinsa kullum, wanda ke ninke a ƙasan akwati cikin ledarsa shi ake mantawa. Su ɗin ne ma suka cancanci hoto, saboda rubuta "atamfa shuɗiya" ba zai nuna miki zanenta ba. Don hoton kaɗai za ki ƙara a kan shidan: buɗe musu layin tsaye na bakwai, taɓa gurbin, taɓa alamar tarawa da ke sama, zaɓi Image, sannan Image in cell. Hotuna suna sa jadawali ya yi nauyi, saboda haka ki bar su ga atamfa da leshi kaɗai.

Amfanin yana fitowa ne idan kika kunna abin tacewa, wato filter. Ɗigo uku, sannan Create a filter. Kina tsaye gaban mai shago yana warware miki turmi yana rantsuwa cewa jiya aka sauke shi, sai ki tace Hali ya nuna waɗanda ba a ɗinka ba kawai, ki duba hotuna. Minti ɗaya ya isa. In kuma kina son sanin launin da ya yi miki yawa, rubuta wannan a wani gurbi da babu komai: =COUNTIF(B2:B200,"shuɗi"). B yana nufin layin tsaye na biyu, wato Launi. Zai ƙirga miki shuɗin kaya nawa kike da su. Sai dai akwai tarko da ya shafe mu masu rubuta Hausa: a wurin na'ura "shuɗi" daban, "shudi" daban, kamar yadda "ruwan ƙasa" da "ruwan kasa" ba ɗaya ba ne. Ki tsayar da rubutu ɗaya ki riƙe shi. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa mai haruffa masu lanƙwasa, in kina so. Mafi sauƙi kuma, ki sa a haɗa miki jerin zaɓi ta Data validation, ki riƙa taɓa launi maimakon rubuta shi.

Kanun ƙarshe, Sau nawa na sa, shi na fi so, ko da yake shi ya fi sa mutum jin kunya. A sabon gurbi ki rubuta =E2/F2, wato kuɗin kaya a raba da yawan sawa. A ce abaya ta naira 30,000 kin sa ta sau 60, kowace fita ta tsaya miki a naira 500. Ankon da kika kashe wa 45,000 da ɗinki, kika sa sau ɗaya ranar kamu, yana nan a 45,000 ɗinsa. Wanne ne mai tsadar? Idan kuma gurbin ya nuna miki #DIV/0!, kada ki tsorata, wayar ba ta lalace ba. Ba a raba lamba da sifili, ma'ana wannan kayan ko sau ɗaya bai taɓa hawa jikinki ba. Ki tara masu wannan alamar wuri ɗaya, cikinsu za ki sami na kai wa tela da na bayarwa.

Tambaya: Malam, 'ya'yana biyar, ga uwargida, ga ni. Duk shekara kayan Sallah suna wuce abin da na ƙiyasta, kuma sai ana gobe Sallah nake zarya wurin tela. Jadawali zai yi maganin wannan? (Wani magidanci daga Zariya)

Amsa: Malam, rabin matsalar zai yi maganinta. Tela kam sai addu'a. Ni kaina akwai shekarar da na je Idi da tsohon kaftani, sabon yana kan keken wani bawan Allah babu hannu ɗaya. Da na zauna na duba, laifin ba nasa kaɗai ba ne, azumi ya kai goma sha biyar kafin na kai masa yadin.

Naka jadawalin na saye ne, saboda haka kanunsa daban: Suna, Kaya, Yadi nawa, Kuɗin yadi ɗaya, Kuɗin ɗinki, Jimla, Ranar karɓa. A gurbin Jimla na layi na biyu rubuta =C2*D2+E2, sannan ka kwafe shi zuwa layukan ƙasa, lambobin layi za su sauya da kansu. Atamfa tunda turmi ake saye, mai yadi 6, sa 1 a yawa ka sa kuɗin turmin. Hula, takalmi, ɗan kunne da mayafi su ma haka, 1 da kuɗinsu, ɗinki sifili. Kada ka raina waɗannan ƙananan, su ne suke cinye kuɗin ba a sani ba, domin kowa shadda yake lissafawa ya manta da takalma bakwai.

Can gefe rubuta =SUM(F2:F40) ka ga jimlar komai. A wani gurbin sa kuɗin da ka ware, a na ƙasansa ka cire jimlar daga ciki. Idan sakamakon ya fito da alamar ragi a gabansa, ka zarce aljihunka tun kana zaune a tabarma, ba a gaban mai shago ba. A nan jadawali ya fi takarda da biro. Sauya kuɗin shadda ka sa na yadi mai sauƙi, nan take duk lissafin ya gyaru. Rage wa ƙananan yara daga kala biyu zuwa ɗaya, ka ga abin da ya saura. Kana iya gwada hanya goma kafin ka fitar da ko sisi. Idan kana son ka ga ko ka yi adalci tsakanin yara, =SUMIF(A2:A40,"Auta",F2:F40) zai tara maka duk abin da aka kashe wa mai wannan sunan.

Don tela, ƙara gurbi ka rubuta =G2-TODAY(), zai nuna kwana nawa suka rage kafin ranar alkawari. Ka kula da yadda ake rubuta kwanan wata. Idan jadawalin yana kan tsarin Amurka, 3/4 a wurinsa 4 ga Maris ne, alhali kai 3 ga Afrilu kake nufi. A Sheets na kwamfuta ana gyara wannan a File, Settings, a mayar da yankin zuwa Birtaniya.

Buɗe shafi na biyu a cikin fayil ɗin ka rubuta awon kowane yaro da lambar takalminsa, tare da ranar da aka auna, tunda yaro ba ya jiran kowa wurin girma. Bayan Sallah kada ka goge komai. Shekarar Musulunci tana gaza ta bature da kwana 10 zuwa 11, don haka Sallar baɗi za ta riga ta bana zuwa. Ka kwafi shafin, ka ja ranakun baya, ka fara saye tun Sha'aban.

Tambaya: Na shigar da kuɗin kayana duka, amma SUM yana ba ni 0. Abokina kuma a nan Maraɗi ya kwafi lissafi daga intanet, Excel ɗinsa ya ƙi karɓa. (Wani ɗalibi daga Maraɗi)

Amsa: Ɗan'uwa, naka mai sauƙi ne. Na tabbata ka rubuta irin "15k" ko "5000 sefa". Da zarar harafi ya shiga gurbi, na'ura ta ɗauke shi rubutu, SUM kuma ba ya tara rubutu. Duba da kyau: lamba tana jingina da gefen dama na gurbi, rubutu yana jingina da hagu. Bar lamba zalla, ka sa sunan kuɗin a kanun sama.

Na abokinka kuwa, Excel ɗin Faransanci ne. A can SUM sunansa SOMME, COUNTIF shi ne NB.SI, SUMIF shi ne SOMME.SI, TODAY kuma AUJOURDHUI. Sannan inda na sa waƙafi a cikin lissafi, shi waƙafi mai ɗigo zai sa, wato ; domin a tsarin Faransa waƙafi na ɓangaren lamba ne. Idan fayil aka turo masa gaba ɗaya babu damuwa, Excel yana juya sunayen da kansa. Sai in da hannu zai rubuta.

Tambaya: Muna haɗa lefen ƙanenmu, mu huɗu, kowa a garinsa. Har an sayi jaka iri ɗaya sau biyu. Ya za mu yi? (Wata yaya daga Kaduna)

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya alheri. Jadawali ɗaya za ku yi a Sheets, ba kowa da nasa ba. Kanu: Kaya, Guda nawa, Wa zai saya, Kuɗi, Akwati na nawa, An saya. Na ƙarshen ki mayar da shi gurbin dannawa ta Data validation, ki zaɓi Checkbox, duk wadda ta sayi abu ta danna, sauran su gani nan take. Ki taɓa Share ki sa adireshin Gmail na kowace. Masu saye su zama Editor, ango kuma Viewer ya ishe shi, ya ga inda kuɗinsa suke tafiya ba tare da ya taɓa komai ba.

Abin da zan ja kunnenki a kai: kada ki zaɓi Anyone with the link, balle ki jefa shi a zauren WhatsApp na dangi. Duk wanda ya sami wannan mahaɗin zai ga komai har da farashi, kuma kin san tura saƙo gaba ba ya wahala. Kafin akwatunan su bar gida, dangin amarya sun san kuɗin kowane leshi.

Tambaya: Ai akwai manhajoji na musamman na tsara sutura. Me ya sa ba za a yi amfani da su ba? (Wata ɗaliba daga Sakkwato)

Amsa: Akwai su, 'yar'uwa, wasu ma suna da kyan gani, suna haɗa miki riga da takalmi a hoto. Waɗanda na gwada an gina su ne kan kayan kanti da ake saye a ɗinke, ban ga gurbin turmi ko na "yana wurin tela" a cikinsu ba, kuma yawanci sai an biya kafin a buɗe komai. Jadawali kuwa ke kike raɗa wa kanunsa suna, kuma ranar da kika gaji da Sheets kina iya sauke fayil ɗin ki buɗe shi a Excel ko WPS, kayanki suna nan yadda kika jera su.