Amsa: Me zaman majalisa ya tsinana wa ƙananan hukumomin Kebbi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko zaman majalisar dokokin jiha yana taɓa ƙaramar hukuma ko surutu ne kawai a Birnin Kebbi. Yana taɓa ta sosai. Sashe na 7 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa jiha yin dokar da ke tsara ƙananan hukumomi da kuɗinsu, kuma 'yan majalisarmu 24 ne ke yin ta don ƙananan hukumomi 21.

Ni abin da nake dubawa shi ne asusun haɗaka, wato asusun da kason ƙananan hukumomi daga tarayya ke bi ta hannun jiha. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta kantomomin riƙo. To, ka tambayi wakilinka: sun gyara dokokin jiha su dace da hukuncin? Sun zauna a kan rahoton babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi?

Yawan ƙudurori ba ya burge ni, gaskiya. Ka leƙa ɗakin shan magani na mazaɓarka, a Argungu kake ko Zuru, ka ga ko akwai maganin zazzaɓi a kan kanta, ka kuma ji ko malaman firamare sun karɓi albashi kan lokaci.