Amsar Malam Habu: wai duk an rataye su a Nuremberg?

Assalamu alaikum jama'a. Malam Habu, barka da yamma. Na saurari saƙonka na jiya, inda kake tambaya ko waɗanda suka yi wa Yahudawa kisan kiyashi a Yaƙin Duniya na Biyu duk an rataye su ne a Nuremberg, birnin Jamus da aka yi shari'o'in 'yan Nazi bayan yaƙi. In na ce zan rubuta, yatsa zai gaji, gara in faɗa da baki. A'a Malam, ko kusa.

Ka san jama'a sun fi jin labarin ɗakunan gas na sansanin Auschwitz, amma da bindiga aka fara. Da Jamus ta afka wa Tarayyar Sobiyet a watan Yunin 1941, akwai rukuni huɗu na 'yan sandan tsaro da 'yan SS, dakarun jam'iyyar Nazi ta Hitler, da ke biye da sojoji, ana ce musu Einsatzgruppen, duka-duka ba su wuce mutum 3,000 da wani abu ba. Sojoji su ci gari, su kuma su shigo su tattara Yahudawa, maza da mata da yara, a kai su bakin rami a harbe. A Kyiv, a wani kwazazzabo mai suna Babi Yar, ranar 29 da 30 ga Satumba 1941, an kashe mutum 33,771. Ka ji har da ɗaya a ƙarshe ko? Su da hannunsu suka rubuta haka suka aika Berlin, kamar akawu yana rufe lissafin wata.

To waɗannan rahotannin ne suka tona musu asiri. Bayan yaƙi aka tsince su a Berlin, suka faɗa hannun wani lauya Ba'amurke, Benjamin Ferencz, matashi ɗan shekara 27. Ya jawo injin lissafi ya yi ta tarawa, shafi bayan shafi, da ya ga adadin waɗanda aka kashe ya haura miliyan ɗaya sai ya dakata ya nufi Nuremberg. Aka fara shari'a a Satumba 1947. Mutum 24 kacal aka tuhuma, ɗaya ya kashe kansa, ɗaya ciwo ya fitar da shi. Kuma fa ba 'yan tasha ba ne, da yawansu lauyoyi ne masu digirin dakta. Otto Ohlendorf, shugaban rukunin D, bai ma musa ba cewa yaransa sun kashe kimanin mutum 90,000. Hujjarsa ita ce umarni ne daga sama. Kotu ta ƙi karɓa. A Afrilun 1948 aka yanke wa 14 hukuncin kisa.

Nan ne labarin ya karkace. Yaƙin cacar baka ya kankama, Amurka tana lallaɓa Jamus ta Yamma, 'yan siyasa da limaman coci suna ta kai ƙoƙon bara a yi afuwa. A Janairun 1951 babban wakilin Amurka, John McCloy, ya sassauta yawancin hukuncin. Huɗu kawai aka rataye a kurkukun Landsberg a watan Yuni, ciki har da Ohlendorf da Paul Blobel da ya jagoranci kisan Babi Yar. Sauran kuwa, zuwa 1958 kusan kowa ya koma gida. Akwai Martin Sandberger, wanda igiya ta kuskure, sai a 2010 ya mutu a gidan tsofaffi a Stuttgart, yana da shekara 98.

Wanda ya fi ɗaure min kai shi ne na garin Ulm a Jamus ta Yamma. Wani tsohon shugaban 'yan sanda, Fischer-Schweder, aka sallame shi daga aiki da aka gano tarihinsa na zamanin Nazi. Maimakon ya yi shiru, sai ya garzaya kotu wai a mayar da shi. Jarida ta buga, wani ya gane sunan. Kaza ta tono wuƙar yanka kanta ke nan. A 1958 aka gurfanar da su goma kan kisan Yahudawa sama da 5,000 a iyakar Lituwaniya, amma hukuncin shekara 3 zuwa 15 ne, don kotu ta ce su mataimaka ne kawai, masu laifin asali su ne Hitler da manyan shugabannin SS, Himmler da Heydrich, waɗanda duk sun daɗe a ƙasa. Kunyar wannan shari'a ce ta sa a ƙarshen shekarar aka buɗe ofishin bincike na musamman kan laifukan 'yan Nazi a garin Ludwigsburg, shekara 13 bayan gama yaƙi.

Batun ko ana harbe wanda ya ƙi yin harbi, wanda Hajiya ta tambaya, ku bar ni sai gobe, ga shi ana kiran magariba.