Tsibin duwatsun Abzin: kabari ne ko ma'ajiyar zinariya?

Tambaya: Ni direba ne a hanyar Agadas zuwa Arlit. Nakan ga duwatsu an tara su tsibi-tsibi a gindin tsaunuka. Wasu na cewa kaburburan mutanen da ne, wai har da zinariya a ciki. Ina gaskiyar maganar?

Amsa: Malam, yawancinsu kaburbura ne, Buzaye na kiran su idebnan. Mafi tsufa a cikinsu sun haura shekara 5,000, tun Sahara na da ciyawa da tafkuna, makiyaya na yawo da shanu a inda yau ba ka ganin komai sai rairayi. An ci gaba da irin wannan binnewa har zuwan Musulunci, don haka ba duka ne sa'o'in juna ba.

Wani Bafaranshe masanin binciken kayan tarihi, François Paris, ya shafe shekaru yana tona su a arewacin Nijar, ya wallafa bincikensa a 1996. Abin da aka saba tararwa idan an kwashe duwatsun shi ne mutum ɗaya, kwance a gefensa, an naɗe masa ƙafafu gwiwa ta doshi ƙirji. Wani lokaci da tukunya a kusa da shi, ko 'yan duwatsun wuya na ɓawon ƙwan jimina. Aikin tarin kuwa ba na mutum ɗaya ba ne, sai da taron jama'a. Shi ya sa masana ke ganin manyan tsibin na masu faɗa a ji ne.

Batun zinariya yana da ɗan tushe. A 1925 an buɗe kabarin da ake dangantawa da Tin Hinan, matar da Buzaye ke ɗauka a matsayin kakarsu, a Abalessa, kudancin Aljeriya, aka sami mace da awarwaron zinariya da na azurfa. Sai dai wannan gini ne mai ɗakuna, na wajen ƙarni na 4 miladiyya, ya sha bamban da tsibin makiyayan da kake gani.

Mai tono don neman dukiya, a ganina, wahalar banza yake yi, ga ɓarna. Da ƙashin nan ake auna shekarun kabari. Haƙora kuma kan nuna irin abincin mamacin, har da ko a yankin ya girma ko baƙo ne. Da zarar an hautsina ramin, ƙasusuwan suka sha rana da iska, cikin ɗan lokaci sai su ruɓushe su koma gari.