Ruwan Tafkina Yana Ƙafewa: Rana Ce Ko Yoyo?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da tafkin ƙasa na kiwon tarwada a wajen Kumbotso. Tun da na yashe shi na sake cikawa, kullum ruwan sai ya sauka kusan santimita 15, injin jawo ruwa ba ya hutawa. Zafin rana ne ko yoyo?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Wannan ba aikin rana ba ne. Ko a zafin Afrilu na Kano, abin da rana da iska ke ɗauka a yini bai cika wuce santimita 1 ba. In kana son tabbaci, cika bokiti da ruwan tafkin, ka ɗora shi kan bulo a cikin ruwan, ka yi alamar inda ruwa ya tsaya a cikin bokitin da wajensa, ka kashe inji awa 24. Abin da tafkin ya fi bokitin raguwa, ƙasa ce ta sha.

Sai neman wurin yoyon. Mayar da kifin wani tafki, ka daina ƙara ruwa, ka bar shi ya yi ta sauka. Inda ya tsaya cak, ramin yana kan wannan layin a jikin bango. In bai tsaya ba har ƙasa, gindin tafkin ne.

Fara da bututun fitar ruwa, domin ruwa na yawan bin gefensa inda ba a daɓe ƙasa da kyau ba. Daga nan zagaya bayan bango. Ciyawa shar a tsakiyar rani ko laima wuri guda ta isa shaida. Duba ramin gafiya da na ƙaguwa, gidan gara, da saiwar darbejiya in akwai ta kusa. Da asuba, kafin iska ta taso, watsa dusa kaɗan inda kake zargi, za ka ga ta taru a bakin ramin.

Ni dai yasar nan nake zargi. Ƙasar Kano da yawa jigawa ce, kuma lakar da ta kwanta a gindi ita ke riƙe ruwan. Masu yasa sukan kwashe ta har su taɓo rairayi, lakar da ta rage kuma rana ta tsattsaga ta.

Kada ka liƙe da siminti, rabuwa yake yi da ƙasa. Haƙe wurin ya fi ramin faɗi, ka zuba yumɓu mai danshi hawa-hawa, kowane hawa kamar santimita 10, kana daɓewa sosai, sannan ka cika ruwa a hankali kafin yumɓun ya bushe.