Amsar tambayar mota: RAV4 ko Corolla? (muryar da aka rubuta)

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da dare. Ƙanena, na ji muryarka tun da la'asar, ina gareji ne shi ya sa ban amsa ba. Ka ce kuɗinka sun kai Corolla mai kyau, amma ranka na kan RAV4 ta Toyota ko CR-V ta Honda, kana tambaya ko ƙarin kuɗin ya cancanta. To bari in gaya maka abin da na gani, shekara shida ke nan ina jan RAV4 ƙirar 2010.

Ka fara tambayar kanka ina kake zuwa. In daga Sabon Gari nan Damagaram zuwa wurin aiki ne, sai Mirriah ran kasuwa, wallahi Corolla ta ishe ka, ka adana sauran kuɗinka. Amma na san ka, mahaifiyarka tana ƙauye bayan Magarya, kuma kana noma. Da ka sauka daga gudiron, magana ta canza. Tsayin cikin RAV4 daga ƙasa wajen santimita 19 ne, kuma wannan tsayin shi kake saye da kuɗinka. Da damina, in ruwa ya yanke hanya, ko a lungunan Birni inda duwatsu suka fito, ƙaramar mota sai ka ji ƙarrr a ƙasa, gabanka ya faɗi. Ni wucewa nake yi.

Sai ɗaukar kaya. Bara da kaka na kwantar da kujerun baya, na loda buhu huɗu na hatsi daga gona, da damin harawa a sama. Washegari na share ta, na kai iyali biki Matamai, mu biyar da kayan gara. Ran da ciwon tsohuwa ya tashi cikin dare, a bayan nan muka shimfiɗa mata katifa ta kwanta har asibiti. Tun daga ranar ban ƙara jin ciwon kuɗin da na ba da ba.

Amma ka ji da kyau, don nan mutane ke ruɗuwa. Ba Land Cruiser ba ce, ba Hilux ba ce. Akwai maɓallin da ke kulle ƙafa huɗu, amma da ka wuce gudun kilomita 40 yake sakin kansa. Na taɓa shiga rairayi wajen Tanut da gadara, ta kafe har ciki, sai da muka rage iskar tayoyi, samari suka tura. Laifina ne. Kuma ba kowace RAV4 ke jan ƙafa huɗu ba, wasu gaba kaɗai suke ja. Ka durƙusa ka leƙa ƙasanta da idonka, kar ka tsaya ga bakin dillali.

Mai kuwa tana sha fiye da Corolla, babu ɓoye-ɓoye. Tankinta lita 60, a kan sefa 499 da aka mayar da lita a 2024, cikawa kusan jika 30. Tawa tana cin lita 11 zuwa 12 a kilomita 100 in kilim, wato na'urar sanyi, na aiki, kuma wa zai kashe kilim a watan Afrilu a Damagaram?

Maganar talabijin da kyamarar baya da rufin da ke buɗewa, kar su ɗauke maka hankali. Ƙura da rana suna gamawa da su. Ka duba sanyin kilim, ka duba ƙafafu, ka ja sandar man inji. Injin 2.4 na 2006 zuwa 2008 an san wasunsu da shan man inji, na 2.5 da ya zo daga 2009 ya fi kwanciyar hankali. Ina kuma son tayar safaya da ke rataye a ƙofar baya, ko kaya sun cika ba sai ka sauke su ba. Daga 2013 suka mayar da ita ciki.

CR-V ma mota ce, ban raina ta ba, cikinta akwai faɗi. Sai dai kayan Toyota ko a nan ka nema ka samu, in babu ka yi waya Kano su iso washegari, kuma kowane makanike ya san cikin RAV4. Ran da za ka sayar, ba ta kwana.

Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 motoci sun yi tsada, don haka kar ka yi gaggawa. Ka tabbatar takardun duwan, wato kwastan, sun cika. In ka samu wadda ta kwanta maka, ka kira ni, in zo da makanikena mu hau ta har Mirriah mu dawo kafin ka ba da ko dala. Sai da safe.