Tambaya da Amsa: Idan Gwajin Weierstrass Ya Gaza, Mene Ne Hukunci?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin lissafi ne a aji uku na jami'a. An ba mu silsilar da gaɓarta ta n ita ce (−1)ⁿ/(n + x²), daga n = 1, aka ce mu duba ko tana tattaruwa bai ɗaya a kan dukkan lambobi na haƙiƙa. Na yi gwajin M na Weierstrass, na ga mafi girman kowace gaɓa shi ne 1/n, kuma jimlar 1/n ba ta da iyaka, don haka na ce ba ta tattaruwa bai ɗaya. An soke amsata. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Lissafinka daidai ne, hukuncin da ka yanke a kansa ne ya kauce. Gwajin M yana cewa idan girman kowace gaɓa bai wuce wata lamba Mₙ ba a ko'ina, kuma jimlar waɗannan lambobi tana da iyaka, to silsilar tana tattaruwa bai ɗaya, kamar yadda ake yi wa sin(nx)/n² da 1/n². Amma idan ya gaza bai yanke komai ba, domin yana watsar da alamar ragi da ta ƙari, alhali su ne ke riƙe da silsilarka.

Koma ga ma'anar asali. Tattaruwar ɗigo-ɗigo ta yarda kowane x ya nemi nasa adadin gaɓoɓi kafin ragowa, wato bambancin da ke tsakanin cikakkiyar jimla da jimlar gaɓoɓin da aka ɗauka, ta yi ƙanƙanta, ita kuwa ta bai ɗaya tana buƙatar adadi guda, N, da zai wadatar da kowane x a lokaci ɗaya. A silsilarka alamomi suna karɓa-karɓa, girman gaɓoɓi kuma yana raguwa zuwa sifiri, saboda haka ragowa bayan gaɓa N ba ta wuce gaɓar farko da aka bari ba, wato 1/(N + 1 + x²), wadda ita ma ba ta wuce 1/(N + 1) ba. Ka lura x ya ɓace daga wannan shinge. Idan kana son kuskure ya gaza kashi ɗaya cikin 1,000, gaɓoɓi 1,000 sun isa ko da wane x aka kawo maka, kuma wannan ita ce hujjar da aka nema cewa silsilarka tana tattaruwa bai ɗaya.

Ina so ka ga yadda ake tabbatar da kishiyar haka, domin nan ne na fi ganin ɗalibai suna tuntuɓe. Ɗauki gaɓa x²/(1 + x²)ⁿ daga n = 0. A x = 0 jimla sifiri ce, a kowane x dabam kuwa 1 + x² ce, ragowa bayan gaɓa ta N kuma 1/(1 + x²)ᴺ ce, wadda ke kusantar 1 idan x ya matso sifiri, kome girman N. Akwai kuma gajeriyar hanya: gaɓoɓin duk marasa yankewa ne, wato ƙimarsu ba ta tsalle idan x ya ɗan matsa, amma jimlarsu ta yi tsalle a sifiri, abin da tattaruwar bai ɗaya ba ta bari ya faru.

Wannan batu ya taɓa shige wa manya duhu. A 1821 Cauchy na Faransa ya rubuta cewa jimlar gaɓoɓi marasa yankewa ba ta yankewa, sai Abel ɗan Norwe ya nuna a 1826 cewa sin x − (sin 2x)/2 + (sin 3x)/3 − … tana tsalle a x = π.

Kada ka manta da faɗin yankin da kake magana a kansa. Misalin x²/(1 + x²)ⁿ da ya gaza a kusa da sifiri yana tattaruwa bai ɗaya a kan x ≥ a, muddin a ya fi sifiri, domin a can ragowa ba ta wuce 1/(1 + a²)ᴺ ba, wadda ke raguwa zuwa sifiri idan N ya ƙaru.