Tambaya da Amsa: Wane irin gari ne Kalikut a kudancin Indiya?

Tambaya: Malam, ƙanena ya samu gurbin karatu a wani gari wai shi Kalikut a Indiya. Mahaifiyarmu ta ɗaga hankalinta, tana ganin ƙasar ba ta Musulmi ba ce. Don Allah a yi mana bayanin garin da kewayensa.

Amsa: Hajiya, ki kwantar wa Mama da hankali. Kalikut, wanda mutanensa ke kira Kozhikode, yana jihar Kerala a bakin Tekun Larabawa, kuma a ƙidayar 2011 kusan kashi 39 cikin ɗari na mutanen gundumar Musulmi ne. Ana ce musu Mappila. Fatauci ne ya kawo Musulunci nan ta jiragen ruwan Larabawa masu sayen masoro da citta, kuma sarakunan garin, masu sarautar Zamorin, duk da Hindu ne, sun riƙe baƙin da mutunci. Ibn Battuta ya sauka a nan cikin shekarun 1340, kafin ya zo Takedda ta ƙasar Nijar a 1353. Vasco da Gama, matuƙin jirgin ruwa ɗan Fotugal, kuwa sai 1498 ya iso.

In ƙaninki ya sauka, ya nemi unguwar Kuttichira ya ga Masallacin Mishkal. Ba shi da hasumiya, ba shi da ƙubba. Bene ne hawa-hawa na katako da rufin jan tayil, wani attajirin mai jiragen ruwa ya gina shi a ƙarni na 14. Turawan Fotugal sun cinna masa wuta a 1510, amma har yau ana salla a cikinsa. A ganina babu wurin da ya kai shi nuna asalin garin.

Abin da zai zame masa baƙo shi ne mazhaba. Yawancinsu Shafi'iyya ne, don haka zai ji liman ya bayyana bisimilla, da asuba kuma a yi ƙunuti bayan ruku'u, hannaye a ɗage. Kada ya ɗauka kuskure ne. Harshen gari Malayalam ne, Indiyancin fim ba zai yi masa amfani sosai ba, amma a makaranta da Turanci ake karatu.

Gundumar shimfiɗe take tsakanin teku da duwatsu. Kwakwa ko'ina. Kudu da gari akwai Beypore, inda har yanzu ake sassaƙa manyan jiragen katako da ake kira uru. Gabas kuma hanya ta hau dutsen Thamarassery da lanƙwasa tara masu kaifi zuwa gundumar Wayanad. Filin jirgin yana Karipur, cikin gundumar Malappuram.

Abinci ba matsala: shinkafa, kifi, biriyani da alewarsu ta halwa. Damina ce sai ya yi shiri, domin daga Yuni zuwa Satumba ruwa kan yi kwanaki bai ɗauke ba, kaya ba sa bushewa. Ya sayi lema mai ƙwari da takalmin roba da zarar ya isa.